Kisrar da Kawu Ya Miƙo

Ranar da aka kori Kawu daga koyarwa a lise, wato makarantar sakandare, saboda bakinsa, ya same ni a tsakar gidanmu na unguwar Habbena ina lasar kwano. Yana riƙe da kisra, gurasar nan mai tsami.

Ya ce, "Littafinku ya ce sojojin Indiya sun yi wa Turawa bore saboda kitsen alade a harsashi. Ba shi kaɗai ba ne. Manoma aka ƙwace wa gonaki, masaƙa aka kashe wa sana'a. Gurasa suka riƙa miƙawa ƙauye zuwa ƙauye, alamar a tashi."

"Kawu, to a ina jarumin ya yi rawa?" Indiyar da na sani ke nan.

"Babu jarumi, ja'iri, talakawa ne." Ya miƙo min kisrar. "Kai wa na gaba."

Ɗalibansa sun koma ni kaɗai, yana jira ya ga ko na gane. Ni kuwa hanjina na cin junansu. Kafin ya ƙifta ido na haɗiye ta.

Ya daɗe yana kallon bakina. "To, ka gani. Daga yunwa abin yake farawa."

Har yau ina cin kisra. Tsaminta kawai nake ji.