Sa Hannun Baba

Uban yarinyar ko sallama bai yi ba, ya banko ƙofar ofishin malamai, ya jefa takardar dakatarwa a kan tebur.

"Ina malamar ajin 'yata? Yarinya ta yi wata biyu tana cin zalin yara, sai yau nake ji? Kora kawai kuka iya, tarbiyya kuwa ko oho!"

Malamar ta ajiye jan bironta. "Ga ni. Ka rage murya, malam, nan ba tasha ba ce."

"Ni kike gaya wa haka? Da kun rubuto min ko layi ɗaya, da tuni na yi maganinta."

Ta jawo littafin saƙon iyaye, wanda yarinyar take kaiwa gida kowane ƙarshen mako, ta shiga buɗe masa shafi bayan shafi. Makon farko yarinyar ta mari wata. Mako na uku ta yaga littafin wani. A ƙarƙashin kowane saƙo ga sa hannunsa nan mai doguwar jela, irin wanda yake yi a tsaye da waya a kunne.

"Ai wannan..."

"Ban gama ba," in ji malamar.

Ta buɗe shafin ƙarshe. Wannan ba rubutunta ba ne, na fensir ne, haruffan a karkace: "Baba, in ka karanta nan, ka kira sunana."

Nan ma ya sa hannu, har da kwanan wata.