Rufin da ke Yoyo a Tsakiyar Bazara

Tun da 'ya'yan Baba Nagoda suka kawo shi gidan kula da tsofaffi da ke Tudun Wada, babu wanda bai haddace labarinsa ba. Tsohon direban tirela ne, kuma babban abin alfaharinsa shi ne wai ya taɓa tasowa daga Fatakwal har Zariya bai tsaya kama ruwa ba.

"Marata ƙarfe ce," haka yake cewa, yana bubbuga ciki.

Saboda haka ranar da ya wayi gari ya ji katifarsa sharkaf, sai ya zauna a bakin gado yana laluben wanda zai ɗora wa laifi.

Sista Ijeamaka, nas ɗin da ke kula da ɓangarensu, ta shigo ta gaishe shi. Haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausa zar a bakinta.

"Baba, me ya jiƙa maka shimfiɗa?"

"Rufin nan ne ke yoyo, 'yata."

Ta ɗaga kai ta dubi silin. Tsakiyar bazara ake, har an manta rabon garin da ruwan sama. Malam Kailani, tsohon telan da suke ɗaki ɗaya, ya gyara hula ya ce, "Ikon Allah. Hadarin nan ya iya zaɓe, don ni ko ɗigo bai taɓa ni ba."

Sista ta canza zanen gado, ta rage murya. "Baba, in akwai abin da ke damunka ka faɗa mini. Ba a kanka aka fara ba, kuma ana samun sauƙi."

"Ni? Je ki tambayi 'yan tasha ko wane ne Nagoda."

Washegari ya ce buta ce ta kife. Jibi kuma kyanwar gidan ce ta hau gado. Malam Kailani ya dubi girman taswirar da ke kan katifa ya ce lallai wannan kyanwa tankin gidan ta shanye kafin ta zo.

Da uzuri ya ƙare, Baba Nagoda ya ɓullo da tasa dabarar: ya daina shan ruwa. In an kawo masa, sai ya faki ido ya watsa ta taga, har zogalen da ke wajen ya yi shar fiye da kowane a gidan. Kunu da lemo kuwa Malam Kailani yake tura wa. Wandon da ya ɓaci ya cusa ƙarƙashin katifa, ya bi ɗakin da turare. Malam Kailani ya ce yanzu ɗakinsu ya koma tamkar an buɗe shagon turare a bakin kwata.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne sallah. Ya daina fita jam'i, don kada na kusa da shi a sahu ya ji wani abu. Sai ya ce gwiwa ce ta matsa masa.

Dabarar ba ta haifar da komai ba sai wahala. Fitsarin ya koma ja, yana zafi, kuma bai fasa zubowa ba. Bayan gida ya ƙi fita. Baba Nagoda kan shige banɗaki ya daɗe yana nishi, har tsofaffi su yi layi a ƙofa suna tambayar ko haya ya kama a ciki.

Rannan Malam Kailani ya ajiye wasa gefe. "Nagoda, ka gaya wa yarinyar nan gaskiya. Ni da kake gani, irin lalurar nan gare ni. Tana tuna mini in zaga kafin abin ya matsa, ina shan maganina, in zan daɗe a zaune kuma in sa famfas ɗin manya. Ka taɓa jin wari a jikina?"

"Famfas? Da jikokina? Allah ya kiyaye. In ka kai mata maganar nan, ni da kai har abada."

Malam Kailani kuwa bai kai wa Sista maganar ba.

Ana gab da la'asar wata ranar Talata, rana na dukan kwano, fitsari ya matso Baba Nagoda. Ya zabura ya miƙe. Jiri ya kwashe shi a ƙofar banɗaki, ya faɗi a kan siminti. Ƙarar faɗuwar ce ta fito da Sista a guje.

A asibiti likita ya ce ƙashin ƙugunsa ya karye, jikinsa ya bushe, ciwon sanyin mafitsara kuma ya fara taɓa ƙoda. Asalin matsalar kuwa kumburi ne da kan matse wa maza hanyar fitsari in shekaru sun ja, kuma da ya faɗa tun farko da an shawo kansa.

An sallamo shi a keken guragu, bai kuwa sake taka ƙasa da ƙafarsa ba. Mutumin da ya ƙi yarda mutum ɗaya ya ji sirrinsa, yanzu sai mutum biyu sun ɗaga shi kafin ya zaga. Ranar da ya dawo, Malam Kailani ya zauna kusa da shi cikin nadama, don ya san shirunsa ma yana da hannu a ciki.

Jama'a, kasa riƙe fitsari ko bayan gida lalura ce kamar hawan jini, ba abin kunya ba ne, kuma hana kai ruwa ƙara ta yake yi. Dattijo ya faɗa da wuri, wanda ya gani kada ya taya shi ɓoyewa, masu kula kuma su ci gaba da tambaya cikin sirri da girmamawa har a kai ga likita.