Tsatsar Motar Auta

Auta ya ɗauke numfashi, ya ɗiga fentin tsatsa na ƙarshe da tsinken sakace a jikin ƙofar motar, sannan ya ja da baya yana rawa shi kaɗai a tsakar ɗaki.

Motar ba ta wuce tafin hannu ba. Samfurin tsohuwar motar ɗaukar kaya ta soja ce, irin wadda ake saya ɓalle-ɓalle cikin kwali a haɗa da gam. Wata uku ya yi a kanta. Ya fesa mata koren fenti, ya bi ta da garin alli don ƙura, ya kwaɓa mata laka har wuyan taya. Tsatsa kuwa ya zuba mata ba ƙaƙƙautawa: a rufi, a ƙofa, har a madubi.

Gobe ce gasar. Gidan tarihi zai ɗauki mutum ɗaya aiki a sashen ƙera samfura, shi kuwa shekararsa biyu da gama digiri yana yawo da takardu a leda.

Umma ta leƙo da tsintsiya a hannu, ta tsaya tana kallon motar fiye da yadda ake kallon abin wasa.

"Wannan ƙazantar za ka kai wa mutane?"

"Umma, fasaha ce! Ana so ta yi kamar ta sha wuya."

"Ta sha kam," in ji ta, ta wuce.

Da la'asar ya fita aski. Ya dawo yana fito, ya tura ƙofa, fiton ya maƙale.

Tsatsar ta tafi. Ɗakin na warin kananzir, ga auduga a kwandon shara duk ta yi ja. An goge rufin, an goge ƙofa, an rage lakar. An kuma kankare fentin a wasu wurare har hasken ƙarfe ya fito. Wata uku!

Ya fito falo zuciyarsa na tafasa. Baba na zaune ƙarƙashin hotonsa na kakin soja, ya miƙe dogayen ƙafafunsa, ya ɓuya bayan jarida, jaridar kuwa sai rawa take kamar mai ɓoye dariya. Auta ya juya ya koma ɗaki. Wa zai titsiye tsohon soja, kuma mahaifinsa? Gyara kuma ba lokaci, don koren fentin sai ya kwana biyu yake bushewa. Haka ya saka ta a kwali kamar mai rufe gawa.

Washegari ya tarar da teburi ashirin a zauren gasar, kowanne da tankar yaƙi ko mota, duk sun sha tsatsa kamar an tono su daga rafi. Tasa ce kaɗai mai fuska a wanke. Ya so ƙasa ta tsage.

Alƙalin gasar wani dattijo ne mai tafiyar sanda, tsohon makanikin bariki. Yana bin tebura da gilashin ƙara girma yana tsaki. Da ya iso kan motar Auta sai ya sunkuya, ya daɗe bai ɗago ba.

"Kai! Kai, kai, kai!"

Auta ya sunkuyar da kai, yana jiran tsaki.

"Ku zo ku gani," in ji dattijon, yana yafito sauran. "Ku duk kun ɗauka soja bola yake tuƙawa. Motar da ke bakin aiki ba ta tsatsa, direban da ya bari ta yi sai ya kwana a gadirum. Ga inda tsatsa take, a salansa kawai. Ga matakala, gefen da takalmi ke taka ne ya cinye. Ga hannun ƙofa ya yi sulɓi. Ga ɗan tabo a kan madigadi, inda ake taka ƙafa a goge gilashi." Ya leƙa ciki ya ƙyalƙyale da dariya. "Har kujerar an ɓamɓare an matso da ita gaba! Yaro, wanda ya nuna maka wannan ya zauna a motar nan shekara da shekaru."

"Babana tsohon soja ne, ranka ya daɗe," in ji Auta.

"To ka gaishe shi. Litinin ka zo da wuri."

Bai san yadda ya iso gida ba. Ya san dai ya rungumi maigadin gidan tarihi, ya gaida wani mutum sau biyu, ya bar takalmi ɗaya a bakin ƙofa. Ya faɗa falo ya zube gaban Baba, kwali a ƙirji.

"Baba, sun ɗauke ni! Ka yafe mini, jiya har na yi maka fushi a zuci. Ashe gyara ka yi mini! Alƙalin ya ce sai wanda ya tuƙa ta shekara da shekaru!"

Baba ya sauke jarida, hawayen dariya na bin kuncinsa.

"Ni? Ni da ko keke sai an riƙe mini? Ai ni magatakardan sito ne, ɗana, biro na yi wa aiki har na yi ritaya." Ya juya wajen kicin ya ɗaga murya. "Kofur! Fito ki karɓi gaisuwarki. Auta, shekara shida uwarka tana tuƙo irin motar nan ƙofar sitona, kafin ta yarda ta ajiye makulli ta aure ni."