Maginiya da Murhun Kyauta

Kai da kake ta washe baki don an ba ku kaya kyauta, gyara zama ka ji. A wani gari an yi wata maginiyar tukwane mai 'ya ɗaya tilo, matar aure, wadda ciwon fuka ya sa gaba. Duk ranar da 'yar ta hura wuta a murhun duwatsu, hayaƙi ya turnuƙe, sai ka ji ƙirjinta yana kuka, uwar kuwa hankalinta ya tashi. Ana nan sai ga mutanen wani kamfani da mota shaƙe da murhun zamani, gwangwani a waje, gasasshen yumɓu a ciki, ga tsimin itace ga ƙarancin hayaƙi. Suka ce masu masana'antu a ƙasashen waje ne ke biya, wai hayaƙin da aka rage a nan shi ke wanke musu laifin wanda suke bugawa a can. Ikon Allah, hayaƙin da ba a yi ba ma ya zama haja! Kowa ya karɓi nasa ya yi gida. Ita kuwa maginiya ta roƙi wani ma'aikacin kamfanin ya koya mata ginin cikin murhun. Ya ce zai koya, amma sai ta ba da ranin nan gaba ɗaya. Rani kuwa shi ne kakar maginiya, lokacin da ake rububin randuna da tukwanen biki. Ta runtse ido ta yarda. Mata suka yi ta dariya: an ba ki a dafe, kina neman ɗanye? Can wurin ma'aikacin ta koyi cuɗa yumɓu da ƙaiƙayi, wanda idan ya ƙone wajen gashi yake barin 'yan ƙofofi masu riƙe zafi. Shekarar nan ta sha wuya, har akuyarta sai da ta sayar.

Kwanci tashi, cinikin hayaƙi ya faɗi, kamfani ya naɗe tabarmarsa. Su kuwa waɗanda suka ƙera murhun ba su san tuƙin tuwo ba. Mace ta danne tukunya ta sa muciya da ƙarfinta, yau da gobe sai cikin ya tsage. Aka nemi sabo, aka ce sai daga ƙetare, kuma kuɗin ɗaukowa ya fi kuɗin murhun. Gida-gida aka koma jera duwatsu. Ran nan maginiya ta tarar da 'yarta durƙushe a bakin wuta, ido jajur, tana jan numfashi da ƙyar. Uwar ta koma gida ta kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayi, ta ƙara masa kauri a baki saboda muciya, ta shanya, ta sa a wuta tana addu'a, don rabonta da ginin cikin murhu an daɗe, kuma irin wannan kwaɓi saurin fashewa gare shi. Da wuta ta mutu ta tone toka, ta ƙwanƙwasa, ta ji ƙara garau, ba tsaga. Kyau kam babu, bakinsa ma a karkace. Amma da aka zura shi cikin tsohon gwangwanin, wuta ta kama fes, 'yar ta tuƙe tuwonta ta kwashe ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Uwar ta zauna daɓas a ƙasa ta yi ajiyar zuciya, ta ce alhamdulillahi, ta ci tuwon nan har da neman ƙari. Saboda haka idan aka zo muku da kyauta, ka karɓa ka gode, amma ka nemi sanin yadda ake yinta. Hausawa suka ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.