Sunan da Kaka Ta Raɗa

Tsohuwar ta lakato zuma ta ɗiga wa jaririyar a harshe, ta ce, "Sunanta Yewande."

Bankole ya juyo ya dube ta. Da sassafe mahaifiyar tasa ta iso Ibadan daga ƙauye, ba jaka, ba ko tsarabar doya. Ta tarar mai jego na barci, ta ɗauki jikarta.

"Haba Mama, wane irin fata ne wannan? Yewande fa 'uwa ta dawo nemana' yake nufi. Ba a raɗa shi sai kaka ta rasu."

"Ni za ka koya wa Yarbanci?" Ta yi murmushi. "Je ka, ana sallama."

Kawunsa Ladipo ne a ƙofa, idanu jajur. Ya riƙe hannunsa ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗana. Ganin matarka na asibiti muka ɓoye maka. Yayata, mahaifiyarka, ta cika ana gobe haihuwar."

A guje Bankole ya koma ɗaki. Ba kowa a kujerar da tsohuwar ta zauna sai jaririyar, da zuma a leɓenta, tana yi masa irin murmushin nan.