Shari'ar Shagon Agoguna

A zauren intanet na masu ƙera wasannin kotu, babu wanda bai san Guduma ba. 'Yan zauren don sha'awa suke yi: mutum ya zana ɗaki a kwamfuta, ya ƙirƙiro laifi da shaidu, mai wasa ya zama lauya, ya yi ta tonon ƙarya har alƙali ya yanke hukunci. Guduma bai taɓa ƙera ko ɗaya ba. Nasa aikin ya buga na wasu, ya ɗauki bidiyo, ya yi musu kaca-kaca.

A wajen zaure kuwa, shi ne shugaban ɗakin magani a wani babban asibiti. Ya hau kujerar ne bayan an kori mai ita kan wasu magunguna masu tsada da suka yi ɓatan dabo.

Wata sabuwar shiga ce ta taɓo shi. Da ta saka wasanta na farko, ya ce ko rabin shayinsa bai sha ba ya gano mai laifin, ya kuma laƙaba mata suna Lauyar Kicin. Ta amsa a gaban kowa: "Na gode da gyara, Malam Guduma. Yaushe za mu ga naka, mu ma mu koya?"

Zaure ya kwashe da dariya, har da waɗanda da ba sa iya yi masa tari. Guduma ya ƙullace ta. Ya yi rantsuwa duk ranar da ta sake fito da wasa, sai ya kore ta daga zauren da kunya.

Bayan dogon lokaci ta fito da sabon wasa, Shari'ar Shagon Agoguna. A cikin wasan, an kwashe kaya daga ɗakin ajiyar shagon, an tuhumi manaja. Memorin kyamarar tsaro ya ɓace a ranar, alhali an caje kowa a bakin ƙofa. Ke nan yana cikin ɗakin. Mai wasa zai nuna wa alƙali inda yake, kuma dama ɗaya ce tak.

Kowa ya gwada ya faɗi. Wani ya danna silin, wani kwandon shara, wani bayan fanka. Ƙorafi ya cika zaure. "Wannan ba wahala ba ce, mugunta ce." "Haba Anti, ko alama ɗaya ba ki ajiye mana ba." Amsarta ga kowa iri ɗaya: akwai wanda zai iya.

Shi kuwa Guduma nasa kwafin wasan daban ta turo masa, wai girmamawa ce ga babba.

Guduma bai yi gaggawa ba. Ya karanta bayanin kowane shaida har ya haddace, bai samu bakin zare ba. Zanen ɗakin dai ya burge shi, ko da yake ba zai faɗa ba: ƙaramar taga can sama, tebur a bayan ƙofa, dogayen kantocin ƙarfe da aka ɗaure a bango. Ɗakin ajiya duk iri ɗaya ne, ya ce a ransa.

A zaure aka fara zolaya. Wai Guduma ya tsufa, wai Lauyar Kicin ta dafa shi.

Ranar hutu da hantsi matarsa ta leƙo falo. "Baban yara, wannan ɗakin na katun da kake harara tun safe, haya za mu kama a ciki?"

"Ki bar ni da matar nan. Yau zan gama da ita."

Ya kunna ɗaukar bidiyo. Ya daina neman alama, ya koma tunanin ɓarawon. Ana caje a ƙofa, ba lokaci, abu ƙarami kamar farce a tafin hannu. Idonsa ya hau kan kanta ta ƙarshe. Ƙafafunta bututu ne, kowacce da murfin roba a sama. Bai tsaya tambayar kansa daga ina tunanin ya zo ba. Ya danna ta can ƙurya.

Alƙalin wasan ya buga tebur. Daidai!

Guduma ya miƙe tsaye don daɗi. "Ga shi nan, jama'a," ya faɗa wa kyamara. "Ka ɗaga murfi, ka jefa, ka mayar. Ba mai ciro shi sai an kwance kantar daga bango. Wannan ne ya hana ku barci? Ya yi sauƙi, Lauya. Ki koma kicin."

Ya saka bidiyon a zaure, ya zauna jiran ta fice. Abin da ta rubuto kawai: "Na gode ƙwarai."

Washegarin hutu ya iske ƙofar ɗakin ajiyar magani a buɗe. An kwance kanta ta ƙarshe, tana kwance a ƙasa. Daraktan asibiti na tsaye tare da wasu baƙi biyu da ba su amsa gaisuwarsa ba. A kan teburin bayan ƙofa, kan farar takarda, ga wani ɗan baƙin memorin kyamara duk ƙura.

Kusa da teburin wata mata ce zaune, jakarta a cinya. Ta rame, amma ya gane ta: tsohuwar shugabarsa, wadda shaidar da ya bayar ce ta raba ta da aikinta da lasisinta.

Ta gyara gilashinta, ta dube shi kamar yadda take dubansa a da idan ya makara.

"Ka ce ya yi sauƙi, Malam Guduma," ta ce. "Wasan ba shi da amsa. Naka kaɗai na shirya ya ce daidai duk inda ka danna, don ni ma ban san inda ka jefa shi ba sai da ka nuna min."