Sabon Raket Ranar Wasan Ƙarshe

Duk mai son sake makami a ƙurarren lokaci, ga misalinsa.

A wani kulob na wasan tanis akwai wani dattijo, Barau, wanda sana'arsa ɗaura wa raket zare, wato abin da ake buga ƙwallo da shi. Shekara talatin yana wannan aiki, har ta kai in ya buga tafin hannu a kan zare ya kara kunne, ya san ko ya yi tsauri ko ya saki. Cikin 'yan wasan da yake wa aiki babu wanda yake ji da shi kamar Tanimu. Tanimu gwani ne, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Raket ɗinsa tsohon yayi ne, mai nauyi, mai ƙaramin kai, fenti duk ya kankare, amma shekara goma sha ɗaya suna tare, hannunsa ya san shi kamar yadda manomi ya san ƙotar fartanyarsa. Bugun da ya yi suna da shi kuwa, shi ne ya aika ƙwallo ta bi gefen fili ta sauka daidai kan farin layi, abokin karawa na tsaye yana kallo.

Sai aka shirya gasar da za a zaɓi mutum ɗaya ya wakilci jiha. Tanimu ya haura talatin da uku, gwiwar hannu ta fara yi masa gardama, shi da Barau duk sun san wannan ce damarsa ta ƙarshe. Ya bi abokan karawa ɗaya bayan ɗaya ya kayar, har ya kai wasan ƙarshe da wannan tsohon raket. To, a nan ne tsautsayi ya zaunar da shi kallon wasan wanda zai kara da shi. Ya ga mutumin yana riƙe da sabon samfuri: firam ɗinsa, wato jikin raket ɗin, na zaren kabon ne da aka saƙa, cikinsa babu komai sai iska, ga faɗin kai, ga tauri, ba nauyi ko kaɗan. Taɓa ƙwallo kaɗan, sai ta tashi da gudu. Tun daga lokacin hankalin Tanimu ya bar jikinsa. Ya manta wasa biyar da ya ci, ya ƙudura a ransa cewa ƙarfin mutumin nan duk a raket yake.

Da safiyar ranar wasa, sai ga shi gaban Barau da irin raket ɗin, ko ledar mariƙinsa bai cire ba, wai a ɗaura masa zare yanzu yanzu. Barau ya karɓa, ya jinjina, ya ji kamar bai riƙe komai ba. Ransa ya ɓaci. Ba raket ɗin ya tsana ba, shi ma ya ga kaya ne na ƙwarai, waɗanda suka ƙera shi sun san aikinsu. Amma ya san firam mai tauri yana mayar da ƙwallo da ƙarfin da ya fi na hannun mai shi. Irin wannan sai an ɗaura zare, a buga kwana uku, a yanke, a ƙara tsauri, a sake gwadawa, wata ɗaya ko biyu, kafin hannu da raket su fahimci juna.

"Tanimu, ka ajiye shi sai bayan gasa," in ji Barau. "Ina tsohon naka?"

"Baba, na baro shi gida, don kada zuciya ta raya mini in koma masa."

Ka ji fa! Mutum ya toshe wa kansa hanyar komawa, kuma yana faɗa da alfahari kamar ya yi dabara. Barau ya yi magana, ya yi faɗa, har ya ce zai je da kansa ya ɗauko. Ina! Tanimu ya kafe. Dattijo ya zauna ya ɗaura zaren yana tsaki, ya ja shi yadda yake tsammanin zai dace, don babu lokacin gwaji.

Aka shiga fili. Bugun farko ƙwallo ta fita da gudun da Tanimu bai taɓa yi ba, 'yan kallo suka yi ihu, ya waiwayo ya dubi Barau yana murmushi. Barau bai mayar masa ba. Da aka zo bugun gefen layi, hannu ya yi abin da ya saba shekara goma sha ɗaya, raket ya ƙara nasa, ƙwallo ta wuce layi da taƙi ɗaya. Ya sake, ta sake wucewa. Ya rage ƙarfi, ta faɗa raga. Daga nan ya shiga tsoron hannunsa, gwani ya koma ɗan koyo a gaban jama'a. Barau na zaune a benci ya dafe kai, takaici kamar ya kashe shi, don yana ganin kowace ƙwallo ya san da tsohon raket ne da a kan layi za ta sauka. Ba a cika awa ɗaya da rabi ba aka tashi, an doke Tanimu.

Abin da ya fi ci wa Barau rai ya zo ne daga baya. Wata biyu yana ɗaurawa yana yankewa, sai ga hannun Tanimu ya kama sabon raket. Wasansa ya fi na da kyau, gwiwar hannunsa ta huta, har yakan doke wanda ya kayar da shi ɗin a wasan motsa jini, babu alƙali babu 'yan kallo. Amma suna ya riga ya tafi, mota ta riga ta tashi da wani, shekara kuma ba ta dawowa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.